Ku Kwantar da Hankalinku, Ba Burodin Maye Ba Ne

Akwai wani burodi da matan Amurka, musamman na jihohin tsakiyar ƙasar, suke gasawa a gida lokacin Kirsimeti, su naɗe su aika wa maƙwabta. Ba a sa masa yis, ba a murza shi, ba a rufe shi a ajiye ana jiran ya tashi. A kwaɓa, a juye a gwangwani, a gasa. Cikinsa ɗige-ɗigen 'ya'yan fofi ne, baƙi-baƙi masu ratsin shuɗi, samansa kuma ruwan lemon zaƙi da sukari ne aka kwarara tun yana da zafi, har ya bushe ya yi ɓawo mai garas-garas.

Tun ban kai aya ba na hango ku. Alhaji mai gidan burodi ya ture hula gaba, Malam ya ajiye carbi, Hajiya ta taɓe baki, Bakano kuma ya ciro waya ya fara lissafi. To ku jeru, kowa zai samu nasa.

Alhaji, kai ne babba, da kai zan fara. Ka ce abin da ba yis ba burodi ba ne, kek ne ya ari riga. Wallahi ba ka yi ƙarya ba, kuma zan dawo kan wannan in ba ka makami da hannuna. Amma batun cewa kwaɓi ba ya tashi sai da yis, nan kam an bar ka a baya da shekara fiye da ɗari biyu. A 1796 wata mata mai suna Amelia Simmons ta fitar da littafin girki na farko da 'yar Amurka ta rubuta, kuma a ciki tana tayar da wasu kayan gashinta da gishirin da ake tacewa daga tokar itace. Eh, toka. Kakarka da ke tace ruwan toka ta zuba a miya ba za ta yi mamaki ba, haka ma mai waina da ke jiƙa kanwa ta ɗiga a ƙullu don ta kashe tsami. Duk dangi ɗaya ne: abu mai kaifin kanwa ya gamu da abu mai tsami, iska ta fito, kwaɓi ya kumbura. Yis ma iskar nan yake samarwa, sai dai shi mai rai ne, sai ya ci ya ƙoshi, ya ɗauki sa'o'insa. Bakin hoda kuwa ba ruwansa da wannan yanga. Garin soda ne da garin tsami aka haɗa, aka sa sitaci a tsakaninsu don kada su yi faɗa a cikin gwangwani. Da ya ji ruwa sai ya fara aiki, da ya ji wuta sai ya ƙarasa.

Wanda ya fara haɗa shi kuwa, wani mai harhaɗa magunguna ne a Bamingam ta Ingila, Alfred Bird, a 1843. Dalilinsa? Jikin matarsa ba ya karɓar yis. Ba ya karɓar ƙwai ma, shi ya sa tun kafin nan ya ƙirƙiro mata garin kastad marar ƙwai, irin wanda ake dama wa yara har gobe. Mazan da ke karanta wannan, ku ji fa. Mutum ya shiga ɗakin gwaji saboda cikin matarsa, ku kuwa kuɗin cefane sai an kai ruwa rana. Bayansa Eben Horsford na jami'ar Harvard ya gyara haɗin a 1856, August Oetker na Jamus kuma ya ƙulla shi a 'yan ƙananan takardu a 1893, kowace takarda daidai rabin kilon fulawa, don kada uwargida ta yi ta kame-kame.

Hajiya, na ga idonki ya yi haske da na ambaci kanwa. A'a. Kada ki soma. Kanwa ba ta da abokin tsami a cikin wannan kwaɓin, kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule. Abin da za ki samu shi ne burodi mai duhu mai ɗanɗanon sabulu, ki ce ni na cuce ki.

Yanzu Malam. Allah gafarta Malam, na san abin da ke cinka tun ɗazu. Ka ji an ce fofi, ka tuna shi ne furen da ake samun ofiyom daga jikinsa, wanda daga shi ake fitar da mofin da kodin. Ba ka yi kuskure ba, tsiro ɗaya ne. Kuma ban ga laifinka ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Mun ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure a garuruwanmu, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018. Amma kafin ka ɗauki waya ka kira NDLEA a kaina, bari in gaya maka yadda abin yake.

Bayan fure ya zube, tsiron yana yin wani ƙoƙo a samansa. Masu neman ofiyom suna tsaga ƙoƙon tun yana ɗanye kore, farin ƙaro ya tsattsafo, su kankare. A wannan ƙaron mayen yake. Masu neman 'ya'ya kuwa sai sun bari ƙoƙon ya bushe ƙayau, har in ka girgiza ka ji yana kacau-kacau, sannan su fasa su zazzage. Ƙwayar kanta mai ce, kusan rabinta mai ne, da ɗan garɗi irin na gyaɗa. Abin da ake samu a jikinta ɗan ragowar ƙaro ne da ƙura da ke manne mata wajen girbi, wanki da zafin wuta kuma suna rage shi ƙwarai. Tarayyar Turai ta sa iyaka tun daga Yulin 2022: kada sinadarin mayen ya wuce miligiram 20 a kowane kilo na 'ya'yan da ake sayar wa mai girki. Burodinmu cokali ɗaya da rabi kawai yake ci, wajen giram 13, a raba wa gwangwani biyu. Yi lissafin da kanka, Malam. Ko da an kai maƙurar iyakar, abin da ke cikin burodi biyun nan bai kai kashi ɗaya cikin uku na miligiram ɗaya ba. Wanda ya ci ya yi barci, ƙoshi ne ya kayar da shi.

Kuma da abin yana bugarwa, da rabin Turai suna tangaɗi. 'Yan Czech suna cikin manyan masu noman shuɗin fofi na ci a duniya. A Folan da Hangari ba yayyafa shi suke yi ba, niƙa shi suke yi da sukari su cika cikin burodi da shi dam, su naɗe, kuma ba a Kirsimeti sai da shi. A Bengal ta Indiya farinsa suke markaɗawa su dafa da dankali. Turkiyya, ƙasar Musulmi, tana da gari sukutum mai suna Afyon inda ake nomansa da izinin hukuma, ana cin 'ya'yan a burodi ana tatsar mansu.

Sai dai kada ka saki jiki gaba ɗaya, don akwai inda zarginka yake da gindi. Abin da bai isa ya bugar da kai ba ya isa ya tona maka asiri a ɗakin gwaji. Na'urar gwajin fitsari ba ta san burodi ba, mofin ta sani. Saboda yawan mutanen da burodin safe ya ja wa zargi, a 1998 gwamnatin Amurka ta ɗaga ma'aunin gwajin ma'aikatanta daga 300 zuwa 2,000. Duk da haka a Fabrairun 2023 ma'aikatar tsaron ƙasar ta rubuta wa sojojinta cewa su ƙaurace wa abinci mai 'ya'yan fofi. Saboda haka in kana neman aikin da za a yi maka gwajin ƙwaya, ko kai ɗan wasa ne, bar burodin nan sai bayan an gama. A sayi kuma wanda aka wanke aka ƙulla don girki, ba na buhu da ba a san asalinsa ba.

Alhazai da 'yan Dubai, ku matso kusa, wannan taku ce kuma ba wasa a ciki. Saudiyya ta haramta shiga da 'ya'yan fofi, haka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, haka Singafo. A 2008 ƙungiyar Fair Trials International ta ba da labarin wani ɗan Suwizalan da aka yanke wa shekara huɗu a Daular Larabawa, saboda ƙwaya uku da aka samu a tufafinsa, ragowar burodin da ya ci a filin jirgin Heathrow na Landan. Uku. Ku da kuke cusa yaji da kuka da daddawa da kilishi a jaka kamar za ku buɗe kasuwa a Makka, kada wata ta ce bari ta yi wa Alhaji guzurin wannan burodin. A ci a gida, a karkaɗe riga.

Abin dariyar, Malam, shi ne ka tsare ƙofa kana binciken 'yan ƙwayoyi, ɓarawon ya shiga ta taga. Girkin Amurkawan yana son filebo kala uku: na banila, na almon, da mai ƙamshin bota. A dokar Amurka ba a kiran ruwan banila na asali sai giyar da ke cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari. Ga inda ya kamata ka sa tabarau ka karanta jikin kwalba. Hukuncin wannan naku ne malamai, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne akwai filebon gari, akwai na ruwa marar giya, akwai kuma wanda ya fi su duka arha: ki goge ɓawon lemon zaƙi guda biyu a magogi, saman kawai banda farin, ki murje shi cikin sukarin da yatsu har sukarin ya yi danshi ya koma ruwan ɗorawa. Ƙamshin da zai tashi daga kwanon nan, maƙwabciya sai ta leƙo da sunan aron rariya.

Bakano, na ga ka gama lissafin. Ka ce me zai sa ka je kantin Indiyawa ko na Kwarori neman wata ƙwayar waje, ga riɗi a Dawanau buhu-buhu? Mu Zage-zagi mun san ku, ko ruwan sama aka ce ana sayarwa sai kun nemi ragi. To albishirinka, ƙwaya kusan 3,300 ke cika giram ɗaya. Cokali ɗaya da rabin nan ƙwaya sama da dubu arba'in ke nan. Faɗa mini abin da ka taɓa saya dubu arba'in da kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. In ka nace sai riɗi, sa abinka, zai yi daɗi, amma ka san burodin riɗi ka yi. Riɗi yana da faɗi da taushi, fofi kuwa bai kai milimita ɗaya ba, kuma aikinsa shi ne ya fashe ƙaras a ƙarƙashin haƙori a tsakiyar lallausan burodi. Wannan ƙaras ɗin ake saya. Wanda zan roƙe ka da girman Allah kada ka sa shi ne habbatus sauda. Na san baƙa ce, na san tana da albarka, amma ɗacinta da yajinta ba su da haɗi da lemo da sukari. Kuma in ka samo fofin, shinshina kafin ka biya. Abu mai yawan mai saurin ɓaci gare shi a zafinmu, in ka ji warin tsohon mai, mayar musu. Ragowar a sa a firji.

Ga kayan, na gwangwani biyu. Fulawa kofi uku, sukari kofi biyu da rabi, gishiri da bakin hoda kowanne ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ƙwai uku, madara kofi ɗaya da rabi, man gyaɗa marar ƙarfin ƙamshi kofi ɗaya da babban cokali biyu, fofi babban cokali ɗaya da rabi, sai filebo. Kofin nan na Amurkawa ne, mililita 240, ba kofin silbar da ake shan ruwan randa ba. In da gwangwanin madara kike awo, ɗaya da rabi ne ke ba ki kofi. Bakin hodan da ya shekara a kabad kuma a gwada shi tukuna: a zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa fuu ba ya mutu, a yi masa sutura.

Hajiya, yanzu na zo kanki, kuma ke ce na fi jin tsoro. Ba don ba ki iya girki ba, sai don kin iya da yawa. Hannunki ya saba da aiki, in ba ki ga kwaɓi ya yi sumul yana sheƙi ba hankalinki ba ya kwanciya. To ajiye muciya. Fulawa tana da wani sinadari da ke yin danƙo in ta jiƙe ana juya ta, shi ne abin da Alhaji ke nema a gidan burodinsa, shi ya sa injinsa ke ta murza. Nan kuwa shi ne abokin gaba. Ki tankaɗe busassun kaya a kwano ɗaya, ki kaɗa ƙwai da madara da mai a wani, ki juye ruwan a kan garin, ki juya da maburgi har garin ya ɓace. Shi ke nan. In kin ga 'yan gudaji ƙanana, kau da kai, wuta za ta sasanta su. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa, yana zuba daga ludayi kamar zare mai kauri, ƙwayoyin suna yawo a ciki. Za ki ji zuciyarki na cewa ƙara fulawa. Shaiɗan ne, ki yi a'uziyya. Wadda ta yi ta bugu za ta yanka burodinta ta ga dogayen ramuka a ciki, ga tauri, ta ce girkin Turawa ba albarka. Wannan girki ne da malalaciya ke cin gasa, kuma na san abin zai yi miki ciwo.

A shafa wa gwangwani mai, a barbaɗa fulawa, a zuba kwaɓin kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 175, a ba shi kamar awa ɗaya. Kada a yi ta buɗe ƙofa ana leƙe a rabin awar farko, ba jariri ba ne. Zai tsage a tsakiya, doguwar tsaga daga kai zuwa kai. Ba lalacewa ya yi ba: saman ne ya riga ya ƙame, cikin yana ci gaba da tashi, dole ya nemi hanya. A soka tsinke a tsakiyar tsagar, in ya fito ba ɗanyen kwaɓi, an gama.

Mai cewa ba ta da obin, ko tana da shi wuta ce babu, ba ki tsira ba. Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta a ƙasa kamar kaurin yatsu biyu, a rufe a bar shi ya yi zafi, a ɗora gwangwanin a kan wani ɗan murfi don kada gindinsa ya zauna a yashi kai tsaye. Gawayi kaɗan a ƙasa, 'yan garwashi a kan murfin tukunya. Masu kek ɗin biki sun daɗe suna haka. Abin lura ɗaya ne: kwaɓi mai sukari da yawa saurin ƙonewa gare shi, gara wuta ta yi kaɗan a daɗe da ta yi yawa a samu baƙin gindi da ɗanyen ciki. Ƙananan gwangwanaye sun fi sauƙin sha'ani a tukunya.

Sai ruwan saman, wanda shi ne dalilin duk wannan wahala. Ruwan lemon zaƙi rubu'in kofi, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, ɗan filebo. Ba dafawa, a juya kawai. Za ki ga sukarin bai narke duka ba, ya kwanta a ƙasa. Haka ake so. Burodin na fitowa, a bar shi ya huce na 'yan mintoci yana cikin gwangwaninsa, a sossoke samansa da tsinke, a riƙa zuba ruwan da cokali a hankali. Ki tsaya ki kalla: ruwan lemon zai nutse ta ramukan da ta tsagar, ya gangara gefe ya jiƙa bango, sukarin kuma ya tsaya a sama, ya fara fari-fari yana ƙamewa. Duk wadda ta taɓa tsoma alkaki mai zafi a ruwan sukari ta san sirrin, mai zafi ne ke sha, wanda ya huce sai dai a yi masa wanka. Kada kuma a bar shi ya sandare a gwangwanin, sukarin zai riƙe shi gam, sai an sa wuƙa ana addu'a. Da ya sha ruwansa ya ɗan natsu, a zagaye gefen da wuƙa a fitar.

Alhaji, na yi maka alkawarin makami, ga shi. Fulawa kofi uku wajen giram 375 ce. Sukarin cikin kwaɓi giram 500, na sama giram 150. Wato sukari ya kusa ninka fulawa. Wane irin burodi ne wannan? Kek ne, Alhaji, gwangwanin kawai ya ara a wurinku, sunan kuma ya ba Ba'amurke damar cin kek da sassafe ba tare da kunya ba. In aka yanka kowane ɗaya gida goma, yanka guda yana ɗauke da sukari sama da giram 30, kusan ƙaramin cokali takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini, in ya iya ma 25. Kun ga ke nan Malam ya yi ta fama da ƙwayar da ba ta kai ta kawo ba, alhali mai laifin yana zaune a buhu a kicin ɗinsa, kullum ana gaisawa. Ana iya rage na cikin kwaɓin zuwa kofi biyu ba tare da burodin ya yi fushi ba. Ƙasa da haka sai ya fara bushewa, don sukari ne ke riƙe masa danshi. Na saman kuwa kada a taɓa, in za a rage shi gara a fasa yin burodin.

Abu na ƙarshe, kuma na san a nan za ku saɓa mini. Ba a yanka shi ranar da aka gasa. A naɗe shi da kyau a bar shi ya kwana, ruwan lemon ya ratsa ko'ina, ƙamshin ya zauna, wuƙa ta wuce ba tare da ya marmashe ba. Saboda da mai aka yi shi ba da bota ba, yana kwana biyu uku da laushinsa. Hajiya, ɓoye ɗaya a inda yara ba sa kaiwa, ɗayan kuma ki sallama, don maigidan da ya rantse ba zai ci burodin 'yan maye ba shi za ki tarar a kicin bayan isha'i da wuƙa a hannu. In ya ce a haɗo masa da shayi, a kawo masa ba sukari.